Lakar Mashin Ɗin Abdulmannan

Da sunan Allah nake farawa, kuma da sunansa nake roƙon kada wata ta tura wa dangin mijin da zan aura wannan shafin.

'Yan uwa mata, yau zan tona wa kaina asiri. Wadda za ta yi dariya ta yi, na yafe mata, don ni ma da wata ce ta ba ni labarin nan sai na ƙware. Sunana Mardiyya, a unguwar Matsaro nake cikin garin Haɗejia. Na gama karatun koyarwa, ina zaune a gida ina jiran aiki ko aure, duk wanda ya riga zuwa. Wanda zan aura sunansa Abdulmannan, malamin gona ne, garinsu wani ƙauye ne can bayan Kirikasamma, a tsakiyar fadama. Ni na zaɓi abina, gida biyu kowa ya yi na'am, an kawo komai, sa rana kawai ta rage. To a nan ne jinina ya ce bai san zancen ba.

Mun je gwajin kafin aure, komai ya fito lafiya lau. Ina dawowa da takarda ina rangaji, sai na tarar da Gwaggo Ma'u a tsakar gidanmu. Ƙanwar Abbanmu ce, ma'aikaciyar lafiya, mace ce da ko atishawa ka yi a gabanta sai ta tambaye ka yaushe ta fara. Ta fisge takardar, ta gyara tabarau, sannan ta jawo fatar idona ba ko sallama.

"Ma'aunin jini ashirin da shida? Yaya, zo ka ga idon 'yarka, fari tas. Wannan ai da ruwan randa take yawo a jiki, ba jini ba."

"Gwaggo, lafiyata ƙalau."

"Lafiyarki ƙalau? Shi ya sa in kika ɗauko bokiti daga bakin famfo sai kin zauna kina haki?"

A ranar Abba ya yanke hukunci. Ya ce shi ba zai kai wa mutane 'ya tana jiri ba, ba za a sa rana ba sai jini ya kai talatin da uku kamar yadda ƙanwarsa ta ce. Ku da ba 'yan yankinmu ba za ku ce menene a ciki, a jira mana. Abin da ba ku sani ba, da damina ta nutsa kogi ya cika, hanyar garin su Abdulmannan shafewa take yi, sai kwalekwale. Mahaifiyarsa kuwa, Dada, tuni ta ce ba za ta ɗauko amaryar ɗanta na fari da gado da katifa a kwalekwale ba. Idan ba a ɗaura kafin ruwa ya cinye hanya ba, sai bayan kaka. Ni kuma wallahi ba zan ɓoye muku ba, ina son mutumin nan, kuma na gaji da wanke-wanken gidanmu.

Gwaggo ta kawo min ƙwayar ƙarin jini, ja, mai sheƙi, da wata 'yar mitsitsiya ruwan ɗorawa. Kullum ɗaya-ɗaya. Na ce wannan ai wasa ne.

Ashe ba wasa ba ne. Kwana biyu da farawa bakina ya koma kamar na tsotsi tsohon mukulli. Zuciyata ta dinga tashi, ko ƙamshin miyar Umma na ji sai na toshe hanci. Cikina ya ɗaure tamau, in na shiga banɗaki har sai Umma ta ƙwanƙwasa ta ce ko na tare a can ne. Ranar da kuwa abin ya samu ya fito na ga launinsa baƙi ƙirin, ban tsaya wata-wata ba na fito na fara rabon gadon atamfofina. Na ce wa Umma shuɗiyar nan a ba ƙawata Adila, leshin a mayar wa Abdulmannan. Ta kira Gwaggo a waya tana salati, muna jin Gwaggo tana dariya har da tari.

"Aikin maganin ne, matar Yaya, ba mutuwa za ta yi ba. Ta sha ruwa da yawa, ta ci ganye. Kuma kada ta kuskura ta daina."

Ban daina ba, amma na samo dabara. Duk zuwan da Abdulmannan zai yi, sau uku a mako, Dada sai ta aiko min da kindirmon shanunta a wata ƙwarya mai zane, an rufe da faifai an ɗaure da zani, yana tafe da ita a kwando a bayan mashin kamar ya ɗauko jariri. Umma kuma ba ta taɓa mayar da ƙwaryar haka nan ba, ko dubulan ko sabulu sai ta saka. Wata safiya na jefa ƙwayar cikin ludayin kindirmo na haɗiye, na bi da shayi mai kauri. Shiru, zuciya ba ta tashi ba. Na ce kai Mardiyya, Allah ya yi miki ƙwaƙwalwa. Haka na yi ta yi wata biyu cur, ban faɗa wa kowa ba don kada a ce ina yi wa likitoci gyara.

To wannan ba shi ne asirin ba. Ku matso.

Abdulmannan kafin la'asar yake isowa. Ya jingine mashin a soronmu, ya miƙo ƙwarya, ya wuce masallaci tare da Abba. Aikinsa kuwa yawo ne a gonakin shinkafa na noman rani, don haka ƙarƙashin marfin tayarsa kullum cike yake da lakar fadama, ta bushe ta yi ɓawo-ɓawo, launin toka, mai laushi. Ranar da na fara jin ƙamshinta ina tsaye da ƙwarya a hannu, yawuna ya tsinke. Na duba gabas na duba yamma, na sa farce na ɓanɓaro 'yar kaɗan na jefa a baki.

Kada ku tambaye ni daɗinta, ba zan iya faɗa ba. Abin da na sani, tun daga ranar minti goman nan na sallar la'asar suka zama nawa. In ci adona, atamfa ruwan ganye da mayafi mai duwatsu, in feshe jiki da turare, in fito in tsuguna a gindin taya. Wadda na ci na ci, saura in zuba a wani tsohon gwangwanin man shafawa in tura ƙarƙashin mayafaina a cikin durowa.

Rannan ya dawo da wuri ya same ni a tsugune. Na haɗiye ta bakina da ƙyar, na miƙe ina karkaɗe hannu.

"Me kike yi, ranki ya daɗe?"

"Datti na gani, na ce bari in ɗan rage maka."

Ya tsaya yana kallona kamar zai yi hawaye. Yana komawa gida saƙonsa ya shigo: "Mardiyya, yau na ƙara tabbatarwa ban yi zaɓen banza ba. Mace da kwalliyarta ta tsuguna tana goge min mashin? Na ba Dada labari."

Na rubuta masa: "Haba, ai ba komai, yi wa kai ne." Na kifa waya na yi dariya har cikina ya ƙulle, sannan na jawo gwangwanina.

Bayan wata biyu aka koma gwaji. Ashirin da bakwai. Ɗaya tak ya ƙaru. Umma ta zauna a bakin gado ta zuba tagumi, Gwaggo Ma'u ta tsare ni a tsakiyar ɗaki.

"Zubar da maganin kike yi."

"Wallahi Gwaggo kullum sai na sha."

"Da me kike sha?"

"Da kindirmon Dada. In bi da shayi."

Ta dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Ke da wa kika yi shawara? Sinadarin ƙarfe ne a cikin ƙwayar nan, shi jiki yake gina jini da shi. Nono da shayi in suka haɗu da shi a ciki riƙe shi suke yi, yawancinsa ya fice yadda ya shiga. Tsami yake so, lemo, tsamiya, gwaiba, su ke taimaka masa ya shiga jiki. Wata biyu kina aikin banza!"

Sai ta kama hannuna tana jujjuya farcena.

"Mardiyya, kina cin ƙasa?"

"Ni? Haba Gwaggo, sai ka ce kaza?"

"Tambayarki na yi. Ƙarancin jini yana sa mutum kwaɗayin laka ko ƙanƙara, ba abin kunya ba ne, ciwon ne. Amma lakar ita ma riƙe maganin take yi, kuma tana iya shigo da tsutsar ciki. Tsutsa ta sha jini, jini ya ragu, kwaɗayin ya ƙaru, a ƙara cin laka. Haka za a yi ta zagaye. Kina ci ko ba kya ci?"

"Ba na ci."

Ku shaide ni, ban rantse ba. Amma ƙarya dai na yi ta, kuma gwangwanin yana cikin durowar da Gwaggo ta jingina da ita.

Da yammar ranar Abdulmannan ya iso da ƙwarya. Kafin Umma ta sako mayafi, Gwaggo ta riga ta tare shi a soro. Ita ba ta iya zagaye-zagaye ba.

"Ka mayar wa Dada nononta. Shi ya hana jinin yarinyar nan hawa. A daina kawowa."

Haka ya juya da ƙwarya a cike, ba dubulan ba sabulu. Ko laka ban samu na ɓanɓara ba. Umma ta yi ta faɗa, ta ce a ina aka taɓa mayar wa suruka abin hannunta, kuma nono, wajen mutanen da saniya ce darajarsu? Gwaggo ta ce ita lafiya ta sani.

Kwana shida bai zo ba. Saƙonninsa suka koma guntaye. "Ya jiki?" "Allah ya ƙara sauƙi." A na bakwai na kasa haƙuri na rubuta: "Me Dada ta ce?"

Sai ya rubuto: "Ba ta ce komai ba. Ta juye nonon ta ba 'yan maruƙa, ta kife ƙwaryar. Baffana ya tayar da maganar sa rana, ta ce a dakata tukuna."

Ranar na yi kuka na gaske. Na san nono yana da nasa laifin, amma na bari an ɗora masa duka, an kunyata baiwar Allah da ba ta nufe ni da komai ba sai alheri. Kuma abin haushin, ina kukan ina tsotsar ragowar lakar gwangwani.

Ranar kasuwa da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida da wata tsohuwar riga, sai na ji sallama da muryar da ban sani ba. Doguwar mace siririya, da zanin saƙi mai duhu da 'yan kunnen azurfa, ga ƙwarya mai zane a hannunta. Dada ce da kanta! Na watsar da rariya na afka ɗaki. Ina jin Umma tana ta shimfiɗa tabarma tana ba da haƙuri tun kafin a gama gaisawa. Dada ta bari ta gama tsaf, sannan ta ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba. A ba ni aron 'yar nan, mu biyu."

Na zura hijabi na durƙusa a gefen gado, kaina a ƙasa. Ta zauna ta ajiye ƙwaryar tsakaninmu.

"Ɗago, 'yata. Miƙo hannunki."

Ta duba farcena ɗaya bayan ɗaya. Ta saki.

"Yaron nan ya cika min kunne, wai har mashin kike goge masa. Na ce madalla. Ranar da aka dawo min da nono raina ya ɓaci, na zauna a ƙofar gida, mashin ɗin yana gabana, na ƙare masa kallo. Kujera ƙura. Madubi ƙura. Tanki kuwa sai ka rubuta sunanka da yatsa. Amma ƙarƙashin marfin taya, gefen da sabuwar laka ba ta rufe ba, fes, har da sawun farce."

'Yan uwa, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, kuma na san ko a can sai na ɗan gutsura.

"Ta fadamar gabas ta fi laushi, ko?" in ji Dada.

Ban san lokacin da na ce "Eh" ba. Na toshe baki. Sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗunta suna rawa.

"Ni da nake da cikin yaron nan, gefen murhun surukata na cinye, har tukunya ta daina zama daidai. Kaji aka ɗora wa laifi." Ta goge ido da bakin mayafi, dariyar ta ɗauke. "Lokacin ba mu san ciwo ba ne, mun ɗauka kwaɗayi ne. Ranar haihuwarsa jini ya ɓalle min, kuma dama babu shi a jikin. Kwana uku ban san inda nake ba, a kwalekwale aka fito da ni. Shi ya sa na ce a dakata da sa rana. Ba nonon da aka dawo min da shi ne ya hana ni barci ba, tunanin ranar da za ki durƙusa a garinmu ne, ruwa ya cinye hanya."

Hawaye suka zubo min, na ce, "Dada, ki yafe min."

"Na yafe. Ni ba zan faɗa wa kowa ba, ke za ki faɗa da bakinki. Gwaggonki yau. Shi kuma ɗana duk ranar da kika ga dama, amma kafin ki shiga ɗakinsa."

Aka aika aka kira Gwaggo Ma'u. Na jawo durowa na ɗauko gwangwani na ajiye a gabanta. Ta buɗe, ta shinshina, ta dube ni.

"Sai ka ce kaza, ko?"

Umma ta yi salati ta sake salati. Gwaggo kuwa, abin da ban taɓa gani ba, ta sauko daga kujera ta durƙusa ta ba Dada haƙuri. Ta ce ta yi gaggawa, jini ba da ƙarfe kaɗai ake gina shi ba, akwai abin da yake cikin nono da kifi da hanta wanda shi ma sai da shi, raba musu lokaci kawai za a yi. Nan take ta tsara min rayuwa. Ƙwaya da hantsi, bayan na ɗan taɓa abinci, da ruwan tsamiya ko lemo. Shayi sai an yi awa biyu. Kindirmo da la'asar. Zogale da wake da kifin kogi kullum, hanta in an samu. Gobe kuma za ta kai ni a duba tsutsa a ba ni magani, in tashin zuciya ya ƙi sauƙi ta yi wa likita magana ko za a mayar min sha yau a tsallake gobe. Gwaji nan da mako huɗu. Gwangwanina ta jefa a jakarta ta zuge.

Da za su tafi, Umma ta cika ƙwaryar Dada da dubulan har faifai ya ƙi rufuwa. Na raka ta soro. Abdulmannan yana tsaye a waje yana murmushi, mashin ɗinsa yana ta ƙyalli, ko ɗigon laka babu. Dada ta kalle ni ta gefen ido ta hau abinta.

Bayan la'asar saƙonsa ya shigo. "Alhamdulillah, Dada ta huce. Amma ta kafa min doka, wai daga yau in dinga tsayawa a bakin gada ina wanke mashin kafin in shigo gidanku. Na ce ai Mardiyya tana jin daɗin goge min, ta yi dariya har ta kusa faɗowa. Ke kin san dalili?"

Na rubuta na goge ya fi sau biyar. Daga ƙarshe na rufe ido na danna, na yi masa saƙon murya, na faɗa masa komai, har da gwangwani. Na tura na cusa wayar ƙarƙashin filo. Na ji ta yi ƙara na ƙi dubawa. Ta sake yi. A na uku na jawo ta.

Na farko: "Wato duk watannin nan ba ni ake yi wa kwalliya ba, taya ake yi wa."

Na biyu, fuskokin dariya sun kai ashirin.

Na uku ne ya sa na zauna. "Mardiyya, ni ma ina da nawa. Na lura duk ranar da mashin ya fi yin laka kin fi fara'a. Shi ya sa na bar bin titi, nake zagayawa ta fadamar gabas, in shiga inda ya fi caɓi da gangan. Ina ta murna ina faranta miki, ashe ciwon nake ɗauko miki a baya tare da ƙwarya. Ki yafe min. Ki sha maganin nan don Allah, in ma ruwa ya riga mu zan jira, amma ba na son in jira."

Yau kwana tara ke nan. Saura kwana goma sha tara a koma gwaji, kuma shida nake nema a kan ashirin da bakwai. Ina rubuta muku wannan da hantsi, ga kofin ruwan tsamiya a gefena, ga jar ƙwaya a tafin hannuna, sai gari ya yi duhu, iska ta taso daga gabas. Ruwan farko na bana ya sauka a tsakar gidanmu.

Kun san ƙamshin da ƙasa take yi in ruwan farko ya taɓa ta. Gidan gaba ɗaya ya ɗauka, yawuna ya tsinke, ƙafata har ta kai bakin ƙofa. Umma tana kwashe shanya, ta juyo ta kafe ni da ido.

Na koma na zauna, na toshe hancina da yatsa biyu, na haɗiye ƙwayar.